Jinyar Sajan a Kwalin Taliya

Ni ba mai son dabbobi ba ce. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya ɗauka ina cikin matan nan masu hira da kyanwa. Kaji kawai na taɓa kiwo, su ma don Kirsimeti, kuma ban taɓa raɗa wa ko ɗaya suna ba. Amma na yi jinyar ƙadangare kwana shida, na shiga mota da shi daga Samaru har Sabon Gari, kuma ni na haƙa ramin da aka binne shi. Duk wanda ya san ni ya san ko kasuwar unguwarmu ba na zuwa sai an rasa wanda za a aika. Daga gida sai coci, daga coci sai gida.

Maigidana direban tarakta ne a gonar gwaji, shekara talatin da 'yan kai. Mutum ne mai surutu, har ya fi ni, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Shekara biyu da yin ritaya hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, 'yarmu da ke Kaduna ta sayo mana guda, da ita aka sanar da dangi. Da muka dawo daga asibiti ƙafar ta ɗan farfaɗo, yana iya takawa da sanda. Hannun ne ya dunƙule, maganar kuma ta yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta jawo ta kamar guga daga rijiya mai zurfi.

Likita ya ce ya riƙa fita yana shan rana, ya riƙa takawa, ya riƙa matsa wata ƙwallon roba da hannun. Ƙwallon ta shige ƙarƙashin gado a satin farko, ba wanda ya sake tambayarta. Shi kuwa ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya. Abokan aikinsa suka zo, ya yi kamar yana barci. Fasto ya zo, ya yi barcin gaske. Wata huɗu abin da nake ji daga bakinsa bai wuce "ruwa" da "rufe ƙofa" ba. Ban ji tsoron mutuwarsa kamar yadda na ji tsoron wannan zaman ba, don na ga yadda ɗaki ya cinye mahaifina da ransa.

Abin da ya fito da shi ba wa'azi ba ne, silin ne. Ruwa ya jiƙa shi ya lotso daidai kan gadon, kafinta ya ce ba zai taɓa ba sai an fitar da mutum. Muka zaunar da shi a baranda kan kujerar roba, yana fushi da kowa. Na ajiye masa koko da ƙosai a kan benci.

Gaban barandarmu akwai katangar bulo, a gindinta akwai wani bulo guda da ya rage tun ginin gidan. Da rana ta hau katangar sai wani jan gwada ya sauko ya tsaya a kan bulon nan. Babba ne, kansa ja wur kamar tattasai, wutsiyarsa guntuwa, an taɓa gutsure ta a wani faɗan da ban gani ba. Ya dubi maigida, ya ɗaga ƙirji ya sauke, ya ɗaga ya sauke, sau uku. Gutsuren ƙosai ya faɗi daga hannun maigida. Ƙadangaren ya zo ya ɗauka ya koma wurinsa, ya sake yin sau uku.

Maigida ya ce, "Sajan."

Na ce, "Me ka ce, Baba?"

"Sajan. Yana... fareti."

Washegari an gama gyaran silin, ba dalilin fita. Ina tankaɗe sai na ji ya ce, "Sanda." Na kai masa. Ya fito da kansa.

Haka aka fara. Kullum da rana ta hau katanga maigida yana kan kujera, Sajan yana kan bulo. Sauran ƙadangarun gidan, ƙanana masu launin ƙasa, ba mai kusantar wurin, Sajan yana korarsu har bayan kicin. Da farko da hannun hagu maigida yake jefa ƙosan. Wata rana na leƙo ta taga na ga ya cusa gutsuren tsakanin yatsun hannun da ya dunƙule, yana ta fama, gumi a goshinsa, har ya wurga. Bai wuce taku biyu ba. Sajan ya zo ya ɗauka bai yi ƙorafi ba. Na koma kicin na sa wa miya gishiri sau biyu, muka ci haka nan.

Sai kuma hira. Yana ba Sajan labarin tarakta, da irin masarar da suka gwada ta ƙi, da wani shugabansu da bai san bambancin dawa da maiwa ba. Sajan yana gyaɗa kai. A ganina abin da maigida ya rasa ke nan tun da ya kwanta, wanda zai saurare shi ba tare da ya ƙarasa masa maganar ba. Ni ina ƙarasa masa, na sani, ba na iya haƙuri. Kusan shekara guda ana haka, har ya fara amsa gaisuwar masu wucewa.

A watan Agusta kyankyasai suka mamaye mini kicin. Akwai wani mai tura baro da lasifika yana sayar da fiya-fiya, maganin ƙwarin nan, a ƙananan kwalabe, na tsayar da shi na karɓi ɗaya. Da yamma na tsoma tsintsiya na yayyafa a kusurwoyi, na ja ƙofa. Da safe na tarar da su birjik a kwance, ƙafafu sama, wasu suna ɗan motsi.

Ni a gidan da na tashi ba a zubar da abu. Ruwan wankin shinkafa na kaji ne, ɓawon doya na akuyar maƙwabta ne, tsohon zani yakan zama tsumma sannan ya zama lagwani. Na tsaya da shara a hannu ina kallon kyankyasan nan, manya-manya, sai na tuna Sajan. Na ce bawan Allah kullum ƙosai, bai taɓa samun nama a gidan nan ba.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na san fiya-fiya tana kashe kaji. Kafin in buɗe kicin sai da na kulle kajina a akurki. Amma a kaina ƙadangare abin daji ne, cikinsa ba irin na kayan gida ba ne, abin da ke cin gizo-gizo me zai dame shi. Na zaɓi guda bakwai mafi ƙiba na jera masa a kan bulonsa tun maigida bai fito ba. Da na dawo daga ɗebo ruwa saura biyu. Na ji daɗi kamar na yi wa baƙo yanka.

Ranar Sajan bai zo cin ƙosai ba. Na ce a raina ya ƙoshi ne. Washegari ma bai zo ba. Maigida ya zauna har rana ta bar katangar.

"Ina Sajan?"

"Wataƙila ya yi tafiya."

"Ba ya tafiya."

Ya tashi ya shiga ɗaki, kokon yana nan yadda na kawo shi. Na ji ƙarar ƙofa.

Na bi gidan lungu-lungu, na same shi bayan duron ruwa. Da ba don guntuwar wutsiyar ba da ban gane shi ba. Jan kan nan ya dushe ya koma kamar tsohuwar tukunya, ƙafafun baya suna jan ƙasa, jikinsa yana karkarwa, ga wani yawu a gefen bakinsa. Ban buƙaci likita ya gaya mini ba.

Ban taɓa kama ƙadangare ba a rayuwata. Na ɗauko tsohon ɗankwali na rufa masa, na ɗaga shi ina kallon wani wuri. Bai kai nauyin ƙosai uku ba. Na shimfiɗa tsumma a wani kwalin taliya na kwantar da shi, na kai wa maigida.

Ya daɗe yana kallon cikin kwalin. Ya ce, "Me ya same shi?"

Na ce, "Ba shi da lafiya."

Ban yi ƙarya ba. Na dai tsaya a inda gaskiyar ta fara zafi.

Jinya kuwa na iya ta. Na yi ta 'ya'ya huɗu, na yi ta uwar mijina, na yi ta mijin kansa. Abin da na sani shi ne mara lafiya a kai shi ɗaki, a rufe taga, a lulluɓe shi, a dama masa kunu. Haka na yi wa Sajan. Na sa kwalin a gefen gadon maigida, na rufa masa tawul, na dama kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa ina ɗiga masa a baki da tsinken tsintsiya. Na ɗauko man zafi ma, na juya shi gaba da baya, ban ga wurin shafawa ba, na mayar.

Kwana biyu muna haka. Sajan bai mutu ba, bai kuma motsa ba. Maigida ma bai fita ba, tunda wanda yake fita dominsa yana ɗaki. Na shigo da rana tsaka na ga taga a rufe, mutum a kwance yana kallon bango, kwali a ƙasa, ga warin nan na ɗakin da ba a buɗewa ya fara dawowa. Sai na gane in Sajan ya tafi a ɗakin nan, ba shi kaɗai zai tafi ba.

Akwai asibitin dabbobi a jami'a, ba nisa da mu. Amma can sai an yanki kati, a tambayi sunan mara lafiya, ga ɗalibai da fararen riguna za su taru a kanka, kuma rabin masu gadin wurin sun san maigidana. Na tuna wata mata Ibo mai shagon maganin kaji kusa da kasuwar Sabon Gari. A nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yana. Shekaru nake aika mata a karɓo mini maganin 'yan tsaki, ita kuma tana aiko mini da gaisuwa da tsiya.

Na ce wa maigida, "Zan kai shi Sabon Gari."

Ya juyo ya dube ni. "Ke?"

"Ni."

"Kin san... hanya?"

"Ai ba su ɗauke garin ba."

Na huda kwalin wuri huɗu da wuƙa, na ɗaure da igiya, na shiga bas a bakin titi. Na ɗora shi a cinya na riƙe da hannu biyu. Matar da ke kusa da ni, da buhun barkono tsakanin ƙafafunta, ta yi ta satar kallonsa har muka kusa Kwangila.

Ta ce, "Mama, 'yan tsaki ne?"

Na ce, "Guda ɗaya ne."

"Ba ya kuka."

"Ba mai surutu ba ne."

Ta ce Allah ya raya. Na ce amin.

Sabon Gari ta ƙara cika tun zuwana na ƙarshe. 'Yan acaɓa kamar an zazzage su daga buhu, ko'ina lema da tebur ana buga waya. Na rungume kwalin na bi gefen kwata har shagon. Tana auna wa wani dusa ta hango ni.

"Maman Samaru? Yau ke ce da ƙafarki? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna."

Na jira mai dusar ya tafi, na ɗora kwalin a kan kantar shagon na kwance igiyar. Ta leƙa. Ta ɗaga tawul ɗin da yatsa biyu. Ta ce da turancinsu na Sabon Gari, "Wetin be dis?" Sannan ta gyara tabarau ta sake leƙawa, ta ce, "Maman Samaru, wannan kazar taki ta canza sosai."

A nan na faɗi komai, ita ce mutum ta farko da ta ji. Na faɗi ciwon maigida, da bulo, da ƙosai, da hannun dama, da kyankyasai bakwai. Ban san ina da hawaye a kusa ba sai da na ga ta turo mini kujera da ƙafa. Ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga inda dariyar ta tsaya a wuyanta.

"Kin kulle kaji."

"Na kulle."

"Kika ɗauka kika ba wannan. Shi cikinsa na ƙarfe ne?"

Ta nuna cikin kwalin.

"Wannan tawul ɗin fa?"

"Don sanyi."

"A ina kike ajiye shi?"

"A ɗaki, gefen gado."

"Ke, tun da kike kin taɓa ganin ƙadangare ya shiga ɗaki ya lulluɓa? Rana ce abincinsa na farko. Kin ba shi guba, kin kuma hana shi rana. Saura ki kai shi coci."

Ta ƙulla mini garin gulukos da ake ba 'yan tsaki, ta ce in jiƙa in riƙa ɗiga masa. Ta ce in ba shi manja kaɗan, haka uwarta take yi wa duk abin da ya ci guba, mutum ko akuya. Sannan in fitar da shi rana, duk inda take.

Na ce, "Zai tashi?"

"Ni kaji na sani. Kaza in ta kai haka, wuƙa nake cewa a kawo." Ta taya ni ɗaure kwalin. "Baba ya san abin da ya ci?"

"Bai sani ba."

"To wannan ba ni da maganinsa a shago."

Da na dawo na gaya wa maigida abin da ta ce game da rana. Ya miƙa hannu wajen sanda.

Ranar Agusta a Zariya ba ta da alkawari. Ta leƙo ta koma, ta leƙo ta koma. Kwana uku muka yi muna binta a tsakar gida. Da safe tana gindin katanga, da hantsi ta koma wajen kicin, da la'asar sai bakin ƙofar gida. Maigida ya ƙi yarda in riƙe kwalin, a cinyarsa yake zama. In inuwa ta cim masa sai ya miƙa mini shi, ya dogara sanda, ya ja kujerar robar da kansa, ƙiii, har inda hasken yake. A kwana ukun nan ya yi tafiyar da bai yi a shekara ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Baba, jiki ya yi kyau." Ya ce, "Muna jinya." Ta dube ni, na dubi tukunya.

Wajen ba da magani sai mutum biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ɗiga. Na ce ya riƙe da hagu. Ya ce a'a, hagun tana da ƙarfi, za ta matse shi. Ya buɗe yatsun hannun daman da ɗaya hannun, ɗaya bayan ɗaya, na kwantar masa da Sajan a tafin. Hannun da ba ya iya riƙe cokali, ashe daidai ƙadangare yake. Ni kuma ina tsoma tsinke a manja ina shafa masa a baki. Wani lokaci ya haɗiye, wani lokaci ya bar shi ya gangara. Rigunan maigida biyu suka tafi a wannan aikin, har yau manjan bai fita ba.

A kwana na biyar rana ta yi kyau tun safe. Wajen ƙarfe goma wuyan Sajan ya ɗan yi ja, ba sosai ba, kamar an goga masa jan alli. Ya buɗe ido. Ya tokare ƙafafun gaba ya ɗaga ƙirji, rabin ɗagawa, ya sauke. Maigida ya gyara zama ya sara masa. Na shiga kicin na dafa shinkafa da wake ba ranarta ba.

A kwana na shida aka tashi da ruwa, irin wanda ba ya ƙarfi ba ya tsayawa. Muka zauna a baranda da kwalin muna jiran rana. Na ɗumama dutse a murhu na naɗe da tsumma na sa masa a gefe. Ƙadangare ba ya nishi, ba ya kiran kowa, ba za ka san lokacin ba. Tururuwa ce ta fara sani. Na ga layinsu ya hau ƙafar kujera ya nufi kwalin, na sa hannu ina karkaɗewa. Maigida ya ce, "Bar su. Ya tafi."

Ni a tunanina a naɗe shi a kai bola. Ban faɗa ba, Allah ya taimake ni. Maigida ya ce, "Gwaba." Bishiyar gwabar tana bayan gida, ƙasar wurin ba daidai take ba, ga santsi, bai taka can ba tun kafin ciwon. Da ruwan ya tsagaita ya tafi da sandarsa, ina biye da fartanya da kwali. Na haƙa rami, na sa Sajan da ɗankwalin da na fara kama shi da shi. Maigida ya cire hula. Ban san ko ana yi wa ƙadangare addu'a ba, ban kuma tambayi fasto daga baya ba, kada ya ba ni amsa. Can maigida ya ce, "An sallame ka." Na mayar da ƙasa.

Da yamma 'yarmu ta kira. Na gaya mata. Ta ce, "Mama, ƙadangare fa? Ai ga su nan cike da gari." Na ce haka ne. Mutane ma ga su nan cike da gari. Katinta ya ƙare kafin ta amsa.

Abin da nake tsoro ya zo. Washegari bai ce "sanda" ba. Na kai koko baranda, na dawo da shi ɗaki, na fitar da shi da rana ya yi sanyi. Kwana tara haka. Taga a rufe, fuska a bango. Ni ma abinci ya daina wuce mini. Duk lokacin da na shiga kicin sai in ga kwalbar fiya-fiyar nan a kan taga, na kasa amfani da ita, na kuma kasa zubarwa, saboda tarbiyyar da na faɗa muku. Ranar zumuntar mata ban je ba, na ce kaina ke ciwo.

A kwana na goma na shiga na zauna a bakin gadon. Na ce, "Baba, ina da magana." Bai juyo ba. Na faɗa wa bayansa komai, tun daga mai baro har kulle kaji. Na ce ni na kashe Sajan, da hannuna na jera masa.

Ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Ranar farko. Shekara talatin... ina feshi a gona. Na ji wari."

"Me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Kin je Sabon Gari."

Na zauna ina kallon ƙafafuna. Can ya ce, "Nawa kika ba shi?"

"Bakwai. Ya ci biyar."

"Haɗama," in ji shi. "Kullum ina gaya masa."

Na ɗauka daga nan zai tashi. Bai tashi ba. Ni na samu sauƙi, na ci tuwo ranar, shi kuwa yana nan yadda yake. Yafewa daban, fitowa daban.

Bayan kwana biyu ina shanya a tsakar gida sai na ga abu a kan bulon Sajan. Ɗaya daga cikin ƙananan nan ne da yake kora, wani siriri mai doguwar wutsiya. Ya baje a kai kamar gadon ubansa. Abin mamaki, kansa da na sani launin ƙasa ya fara yin ja. Ban san haka suke yi ba, ashe jira suke babban ya kauce. Na tsaya da rigar maigida a hannu ina tunani. Na san in na ce masa ga wani ya zo ka ba shi ƙosai, ba zai ko juyo ba, kuma zai yi daidai. Na shiga ɗaki kamar ina neman almakashi, na buɗe akwati na rufe.

Na ce, "Wani ya hau bulon Sajan."

Fuskarsa na bango, na ci gaba.

"Siririn nan da yake kora bayan kicin. Har kansa ya fara ja. Ɗazu na ga yana fareti."

Gadon ya yi ƙara. "A kan bulon?"

"A tsakiya ma."

"Sati biyu... bai cika ba."

"Bai cika ba."

Ya ce, "Sanda."

Ya fito da singileti, bai tsaya neman hula ba. Hasken ya sa ya runtse ido. Siririn yana nan, ya dube shi, ya ɗaga ƙirji ya sauke. Maigida ya zauna a kujerarsa ya ce, "Kai. Sauka." Bai sauka ba. Ya waiga yana neman abin jifa, ba komai kusa sai farantin ƙosan da na ajiye a benci, ban ce da gangan ba, ban kuma ce ba da gangan ba. Ya gutsura, ya cusa a yatsun dama, ya auna kan ƙadangaren ya wurga. Ya wuce taku huɗu, ya faɗi gefen bulon. Siririn ya sauko ya cinye, ya koma ya hau.

Maigida ya ce, "Mara kunya." Ya sake gutsura.

Bai taɓa ba shi suna ba. "Wancan" yake ce masa, kuma bai taɓa yarda cewa ciyar da shi yake yi ba. In maƙwabciya ta tambaya sai ya ce korarsa yake, abin ne ba ya jin magana. Labarin tarakta ma da ya dawo, cewa ya yi ba da shi yake ba, yana dai faɗa ne, wanda ya ga dama ya ji.

Kwalbar fiya-fiyar na ba mai baro kayarsa da ya sake wucewa, ya yi ta tambaya ko ba ta yi aiki ba ne, na ce ta yi. Kyankyasai kuwa da silifa nake binsu yanzu, ɗaya-ɗaya, in kai su masai da kaina.

Washegarin ranar da maigida ya fito, da na je wurin mai ƙosai na ce ta ƙara mini guda biyu a kan na kullum. Ta ce, "Baba ya fara cin abinci ke nan." Na ce a'a, na jifa ne.